Hanya Ɗaya, Ƙafa Iri-Iri: Safiyar Hunturu A Yerwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Maiduguri cikin watan Janairu ya san yadda gari yake wayewa a can. Sanyi yakan sauko tun tsakar dare, hazo ya lulluɓe itatuwan darbejiyan da suka yi wa tituna layi, har mutum ba ya iya hangen abin da ke gabansa sai ya zo daf da shi. A irin wannan safiya ce na fito daga masaukina na tari Keke Napep, na ce wa yaron ya kai ni Kasuwar Shanu ta wajen Gamboru.

Ba mu yi nisa ba sai muka iske hanya ta cika da ƙahoni. Garke ne na jajayen shanu, ana kora su zuwa kasuwa, wani dattijo Bashuwa yana gaba da sanda saɓe a kafaɗa, yara biyu suna baya. Yaron da ke tuƙa ni ya ɗora hannu kan oda ya yi ta dannawa, wai don su ba shi wuri. Nan take wata karsana ta razana, ta yi tsalle gefe, ta bangaji kurar wani ɗan ga-ruwa, jarkoki biyu suka faɗi suka fashe. Dattijon ya juyo a hankali ya ce, "Ɗana, kashe injin. Saniya ba ta jin oda, tsoro kawai take ji." Yaron ya ce, "Baba, haƙuri, sauri muke yi." Amma dai ya kashe. Da ƙarar ta ɗauke, sai shanun suka haɗa kansu suka bi gefe ɗaya suka shige kamar ruwa. Ɗan ga-ruwan kuwa ya tsaya yana duban cinikinsa na safe yana malala cikin rairayi, ba wanda ya ce masa ko sannu sai dattijon.

To, mai karatu, wannan ƙaramin abu shi ya sa na zauna rubuta wannan bayani. Wa ya fi iko da hanya a Yerwa, mai inji ko mai kofato? Idan tsufa za a bi, ai babu gardama. Kafin a kafa garin a 1907, da daɗewa ayarin raƙuma da jakuna da takarkarai suke ratsa ƙasar Barno, daga Kukawa su nufi Kano, ko su yi arewa su keta hamada ta Bilma. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Wato mota baƙuwa ce, ta zo ta tarar da masu gida, ta shimfiɗa kwalta a kan sawunsu, sa'an nan ta juyo tana yi musu tsawa.

Abin ya fi fitowa fili a gabas, ta wajen Dikwa da Ngala, inda ƙasar firki take. Wannan baƙar laka, da damina ko jaki ba ya son taka ta, balle mota. Amma da ruwa ya ɗauke, hunturu ya busa, sai ta bushe ta yi tauri ta tsattsage, hanyoyin rani su buɗe ta ko'ina. A lokacin ne masakwa, dawar nan da ake dasawa bayan damina, take tsaye a gonaki tana jiran girbi. A lokacin ne kuma makiyaya suke gangarawa da dukiyarsu wajen tafkin Cadi neman ɗanyar ciyawa. Mai a-kori-kura da mai keke da mai amalanken shanu da matar Bashuwa a bisa takarkarinta, duk turba ɗaya suke bi. Direba ya kauce wa garke, ya faɗa gonar wani. Makiyayi ya kauce wa direba, shanunsa su afka wa masakwa. Rigimar da za ta kai mutane gaban lawani, sau da yawa daga nan take farawa.

Kada a zaci mu kaɗai ke da wannan damuwa. A Alaska ta ƙasar Amurka, inda hanyar hunturu dusar ƙanƙara ce, masu babur ɗin kan ƙanƙara suna haɗa turba da masu amalanken da karnuka ke ja, da masu sululu a kan katako, da namun daji. A watan Maris na 2016, ana cikin tseren karnuka na Iditarod, wanda aka fara tun 1973, wani mai irin wannan babur ya kutsa cikin ayari biyu kusa da ƙauyen Nulato, ya kashe kare ɗaya ya raunata wasu. Abin da ake koya wa masu baburan can kuwa bai wuce abin da dattijon nan ya faɗa ba: ka rage gudu, ka raɓe gefe, ka bar mai dabba ya wuce.

Sai dai namu ya fi nasu nauyi, domin fitinar Boko Haram ta shiga tsakanin mutanen Barno da hanyoyinsu. A watan Yuli na 2011 gwamnatin jiha ta hana hawan babur a Maiduguri, saboda 'yan bindiga suna amfani da shi, Keke Napep ta gaje wurinsa ta cika gari. A 2015 sojoji suka hana hawan doki a jihar, ƙasar da sunanta bai rabu da doki ba tun zamanin Mai Idris Alauma. A 2016 kuma aka dakatar da ciniki a waɗansu kasuwannin dabbobi, har da ta Gamboru, don a toshe wa masu satar shanu kafa. Da daji ya zama abin tsoro, makiyaya da yawa suka bar burtali suka matso bakin kwalta, inda ake ganin soja. Ga gari ya cika da 'yan gudun hijira. Hanyar da aka yi wa mota ita kaɗai, sai ga ta tana ɗaukar kowa. Ni a ganina, wanda ya zagi makiyayi don ya tare titi, ya kamata ya fara tambayar abin da ya koro shi daga daji.

Har namun dawa ma sun taɓa neman nasu rabon. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya mamaye gari, ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, hukuma ta yi gargaɗi cewa kadoji da macizai sun fita cikin unguwanni. A kwanakin nan kwalekwale ne ya zama sarkin titi.

Da muka isa Kasuwar Shanu rana ta fara keta hazo. Tireloli sun yi layi suna jiran lodi zuwa kudu, dillalai suna ta ciniki da Barbarci da Larabcin Shuwa da Fillanci da Hausa. Na hango dattijon nan a gindin wata bishiya yana duba ƙafar karsanar da ta razana, yana shafa mata wuya. Na biya yaron kuɗinsa, na ƙara masa wani abu na ce in ya ga ɗan ga-ruwan a hanya ya miƙa masa. Ya ce to, ya tayar da injin, ya danna oda, ya kutsa cikin tumaki.