Mai Ɗaki Ita Ta San Kukan Fankarta

Mun saba hirar girki da kwalliya, to yau ina so kowacce ta ɗaga kai ta dubi silin ɗin ɗakinta, domin akwai abubuwa biyu da ke rataye a kanmu dare da rana, ba ma tunawa da su sai ranar da suka tsaya, wato fankar sama da ƙwan lantarki.

Ranar jere za ki ga dangi ana ta kai-kawo a kan gado da kujeru da labule, amma da wuya ki ji wata gwaggo ta tambayi shekarun fankar da aka tarar a ɗakin. Alhali duk wadda ta san zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da yakan kai digiri 40 har ya ɗara, ta san komai tsadar gado ba ya sa barci in fanka ta mutu. Maigida zai fita nema tun safe, da dare ya zauna majalisa yana shan iska, ke ce a ciki da goyo yana tsala kuka, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, sauro kuma ya samu sarari. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ke ya kamata ki fara sanin ciwon fankarki.

Ita fanka ba ta mutuwa farat ɗaya, sai ta yi ta ba ki labari. In kin kunna ta tsaya tana gurnani, sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, ko ki sa ta a lambar ƙarshe tana juyi kamar mai jin barci, galibi kafasita ce ta gaji, wani ɗan abu mai kamar batir da ke ba ta ƙarfin tashi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In kuwa ƙara take ƙiii kamar injin markaɗe, boris ne ya cinye. In rawa take tana layi, ko dai ƙurar hunturu ta taru a fikafikanta, ko ɗaya ya lanƙwashe, ko noti ya kwance. Amma ranar da kika ji ƙaurin waya, kashe ta nan take, kwayil ne yake ƙonewa, kuma daga nan gobara kan samo asali.

Tawa fankar tare da gidan muka same ta. An taɓa canza mata kafasita ta ci gaba da aiki, sai a bazarar 2024 wata rana da azahar na ji ƙauri, na kashe, da dare kuma ƙwan ɗakin ya dinga ƙiftawa. Ban tari baban yara da maganar a bakin ƙofa ba, sai da ya yi wanka ya ci abinci, sannan na ce, "Maigida, fankar nan kwayil ɗinta ya ƙone, mazaunin ƙwan ma ya yi baƙi. Gyara dai ko sabuwa, wanda ka ga ya fi. Ga ɗan abin da na kwasa a adashi, ka cika."

Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Yaushe kika zama injiniya ban sani ba?" Washegari sai ga shi da mai gyaran wuta. Kin ga da cewa kawai na yi zafi ya ishe mu, amsar da zan samu ita ce a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Namiji in kika kawo masa matsala da sunanta da maganinta, ya fi saurin motsawa.

Mai gyaran ya ce ana iya sake naɗa mata waya, amma tsohuwa ce, boris ɗin ma ya tafi, kuɗin gyara ya kusa rabin na sabuwa. Aka je kasuwar Sabon Gari aka sayo mai inci 56, irin wadda aka fi sa wa ɗaki da falo. Da ya sauke tsohuwar ya nuna wa maigida ƙarfen da ya riƙe ta, wallahi ya cinye saura ƙiris, ga shi daidai nan yara ke shimfiɗa tabarma su yi karatu. Tun daga ranar nake gaya wa mata, in za a ɗaura fanka a tabbatar ƙugiyar tana cikin kankare ko jikin katako mai kauri, kada a yarda a maƙala ta a allon silin, a sa ɗan fil ɗin nan da ke hana noti kwancewa, fikafikan kuma su yi nisan aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa. Kada a haɗa mata fiffiken wata fankar, domin nata an auna nauyinsu daidai tun daga kamfani.

Ƙwai kuwa aka canza mazauninsa, aka sa farin nan na zamani da ake kira LED. Tsohon ƙwai mai wat 60 da wannan mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Yi lissafi da kanki: awa 6 kowane dare, a wata guda tsohon zai ci yunit kusan 11, sabon bai cika 2 ba, ga shi ba ya ƙara wa ɗaki zafi. Mai mitar kati ita za ta gane abin da nake nufi. Sannan fanka ba ta sanyaya ɗaki, iska take kaɗawa ta busar da gumin jiki, don haka in ba kowa a ciki kashe ta.

Sai dai 'yar uwa, sanin ciwo daban, taɓa waya daban. Wutar gidajenmu tana wajen bolt 230, kuma ba ta san ƙwarewa a girki ba. Kada ki ce an ɗauke wuta bari in hau turmi in duba, ba sallama take yi in za ta dawo. Kashe makunnin bango ma bai isa ba, don wani wayarin a juye aka yi shi, wutar tana nan ko an kashe. A kashe babban makunnin gida tukuna. Ko ƙwai za ki canza, ki goge hannu ya bushe, ki sa takalmin roba, kada kuma a tura yaro don an ga ba shi da nauyi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, aikin waya a bar wa mai shi.

Ke da kike gidan haya, ki sa maigida ya yi magana da mai gidan tun kafin a kashe kuɗi, a ajiye masa tsohuwar fankarsa, don kada ranar tashi a yi ta sa-in-sa a kan wace ce ta wa. Ke kuma amaryar gobe, ranar da 'yan uwanki za su je ganin ɗaki, ki ce su kunna fanka su saurara, su kunna ƙwai su gani, tun ana marmarinki ake gyara.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.