Highbury da Mutanen da Suka Kalli Ƙwallo a Tsaye

'Yan uwana magoya bayan Arsenal, yawancinmu a nan Arewa Highbury na cikin talabijin muka sani. A gidan kallon ƙwallo muka san shi, muna kan benci, janareto na ruri a waje, tun lokacin da Kanu ya baro Inter Milan a 1999 ya ja hankalinmu zuwa ƙungiyar. Fili ne matsattse, 'yan kallo dab da layi, har kana iya ganin fuskokinsu idan za a yi jifa. A can aka rufe kakar 2003/2004 ba a ci mu ko sau ɗaya a lig ba: wasa 38, nasara 26, canjaras 12. A can kuma Henry ya zura wa Wigan uku ranar 7 ga Mayu 2006, ya durƙusa ya sumbaci ciyawa, aka rufe filin bayan shekara 93.

Sai dai idan dattawan da suka tashi a wannan unguwa ta arewacin Landan suna hirar Highbury, ba da Henry suke farawa ba. Da North Bank suke farawa. Matakalai ne na siminti a bayan ragar arewa, babu kujera ko ɗaya, sai ƙarafunan da ake jingina. Ba ka bukatar sayen tikiti tun da wata guda. Ka taso daga aiki ranar Asabar, ka miƙa kuɗinka a ƙofa, ka shiga. Uba kan zo da ɗansa tun da wuri don yaron ya samu gaba, kuma kowa ya san inda yake tsayawa, kusa da wane ƙarfe, kusa da su wa. Wani sai ya shekara ashirin yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mutum, bai san gidansa ba, amma ranar da bai gan shi ba sai ya tambaya ko lafiya. Idan aka ci ƙwallo, jama'a kan turo daga sama, kafin ka farga ka sauko matakala biyar ko shida, kana rungume da wanda ba ka taɓa gani ba.

A 1935, ranar wasa da Sunderland, mutum 73,295 ne suka shiga filin nan. Lokacin da aka rufe shi kuwa, 38,419 kawai yake ɗauka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na cikin masu raina shi. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, magoya bayan Liverpool suka matse a bayan shingen ƙarfe, kuma adadin waɗanda suka rasu sanadin haka ya kai 97. Binciken Mai Shari'a Taylor ya ɗora babban laifin a kan gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron, sannan ya ba da shawarar manyan filaye su koma na kujeru zalla. Rai ya fi ƙwallo, wannan ba abin musu ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Taylor da kansa ya ja kunne cewa kada kujera ta fi ƙarfin aljihun mai tsayawa. Amma da Arsenal ta tashi rushe North Bank a 1992, sai ta ce wa magoya baya su sayi takardar jari ta fam 1,100 ko 1,500, wadda za ta ba su damar sayen tikitin kaka a sabon ginin. Direban bas ko magini da ya gaji wurin daga ubansa, ina zai samo? Sun yi bore, ba a saurare su ba. Shekara guda ana gini, aka toshe bayan ragar da wani ƙaton allo mai zanen 'yan kallo. Har a zanen ma sai da aka yi ƙorafin babu baƙar fata, aka sake fenti, alhali 'yan unguwar baƙaƙe sun daɗe suna tsayawa a wajen.

Yau Highbury gidajen kwana ne, an bar fuskar tsofaffin gine-ginen gabas da yamma, filin wasan ya zama lambu. An kwashi sunayen North Bank da Clock End an liƙa wa sassan sabon filinmu, Emirates. Daga 2022 kuma Ingila ta sake halatta tsayawa a wasu filaye, kowa da gurbinsa da ƙarfen riƙewa. Ashe da ma ana iya tsare rayuka ba tare da an kori talaka ba.

Shi ya sa nake tunanin filin ƙwallon Ƙofar Mata da ke Kano. Duk wanda ya taɓa shan rana a ɓangaren da babu rumfa ranar wasan Kano Pillars, ya ji "Sai Masu Gida" na tashi daga dubban bakuna, ya san su waye ke riƙe da filin: 'yan kasuwa, masu Adaidaita, ɗalibai, masu wankin mota. Su ne suka sa baƙi suka yi shekara 12 ba su ci Pillars wasan lig a gida ba. Duk ranar da aka tashi gyaran filin, a ƙara ƙofofin fita, a gyara matakalai, a daina cusa mutane fiye da kima, amma kuɗin shiga wannan ɓangaren a bar shi yadda mai Adaidaita zai iya biya wa kansa da ɗansa.