Shinkafi: Yini guda a gidan masu alkaki da nakiya

Tun ina ƙarama nake jin manya suna cewa wanda ke son sanin lafiyar gari ya je kasuwarsa ranar da take ci. Tafiyar da na yi Shinkafi kwanakin baya ta ƙara mini wani ma'aunin: a leƙa gidan da ake yin kayan gara, a ga tukunya nawa ke kan wuta.

Bikin 'yar wata aminiyata ne ya kai ni. Da hantsi muka bar Gusau, domin a 'yan shekarun nan babu direban da ke son la'asar ta riske shi tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi. Muka ratsa Ƙaura, garin da layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929, inda a da gyaɗa da auduga da fatu ke taruwa kafin su nufi kudu. Daga nan hira ta mutu a motar. Kowa ya ja carbinsa, muna wuce shingayen jami'an tsaro da gonakin da ciyawa ta cinye, ba a sake jin muryar kowa ba sai da muka hango rumfunan kasuwa.

Ranar Laraba ce, jajibirin kasuwa, don ta Shinkafi ranar Alhamis take ci. Kasuwa ce da sunanta ya wuce Zamfara. Mutanen Isa da Sabon Birni da Zurmi suna cin ta, na Maraɗi suna tsallako iyaka dominta, fataken shanu da hatsi kuma suna zuwa tun daga kudancin ƙasar nan. Ban ko gama hutawa ba aminiyata ta ce in raka ta karɓo alkakin gara, wai a can zan ga abin rubutawa.

Babu allon talla a ƙofar gidan. Ƙamshin man shanu da citta ne ya tarbe mu tun daga bakin lungu. An mayar da zauren shago: kanta mai gilashi, an jera tuwon madara da gullisuwa da kantun riɗi da hallaka-kwabo a leda, wani saurayi yana zaune da waya a hannu da littafi a cinya. Sai da muka shiga tsakar gida na gane cewa shagon baki ne kawai, cikin yana can. Turmi biyu na amsa wa juna, murhu uku na ci, mata sun kewaye tabarma suna murɗa ƙulli, wata dattijuwa kuma tana kan kujera 'yar tsugune tana duba kowace tukunya da ido. Inna kowa ke ce mata. Da na tambaye ta dalilin rashin allo sai ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, mu bakin mutane shi na allonmu."

Yadda ta ba ni labari, uwar mijinta ce tushen sana'ar, kuma ita ba ta ɗauke ta sana'a ba. Gwana ce kawai wajen nakiya, duk maƙwabciyar da za ta aurar da 'ya sai ta kawo shinkafarta da zumarta a yi mata, tukuicin kuwa ɗan abin da ya sawwaƙa. Inna ta koya a gindinta tana amarya. Bayan rasuwar maigida, da ta ga marayu a gabanta, sai ta ɗauki kwasar adashinta ta sayi alkama da sukari. Daga faranti guda aka kai ga tebur a kasuwa ranar Alhamis, daga tebur aka buɗe zaure. Yanzu jikanta ne ke karɓar saƙon masu biki ta WhatsApp, a ɗaure kaya a bai wa direbobin Gusau da Sakkwato, wata jikar kuma da ta yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura ita ke riƙe da lissafi.

Wanda bai ga ana yin alkaki ba zai ɗauka soye-soye ne irin na kowa. Ɓarzajjiyar alkama ake murzawa da mai, a kwaɓa da ɗan nono mai tsami, a rufe ta kwana ta tashi. Da safe a sa ruwan kanwa a kashe tsamin, a buga har ta yi danƙo, sannan a mulmula a naɗe ta, kowace mace da irin naɗinta, har Inna tana iya ɗaukar ɗaya ta faɗi hannun da ya yi shi. Wutar suya ba a cika ta, in ba haka ba waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Daga kasko sai cikin ruwan sukarin da aka dafa da tsamiya, wanda ita ce ke hana shi daskarewa. Masu hali su ce a yi musu da zuma. Nakiya kuwa aikin ƙarfi ce: a jiƙa shinkafa, a daka, a soya garin sama-sama, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu da kayan yaji, a koma turmi a yi ta kirɓawa har ta kama jikinta. Idan ta yi kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa a da take cikin guzurin matafiya, kuma shi ya sa amarya ke ɓoye tata a ƙasan kwalla. A garin da sunansa ma ke tuna wa mutum shinkafa, ban yi mamakin samun gwanayenta ba.

Alewa ce kaɗai ba a yi a cikin gidan. Wani ƙanen maigidan ke ja musu ita a nasa gidan, a jikin ƙusar da aka kafa a ginshiƙi, har sukarin ya koma fari. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, daga halawa, kuma wannan sana'a a ƙasashen Musulmi da dama ta gado ce. A Istanbul akwai gidan alewar Haji Bakir da aka buɗe tun 1777, zuriyarsa na riƙe da shi har yau. Bambancinmu da su shi ne su sun rubuta tarihin nasu, mu namu yana cikin kan tsofaffi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littafin da ke cinyar saurayin nan. Na zaci na ciniki ne, ashe rabinsa na bashi ne. A ƙasar Hausa uwar da ta kai 'yarta ɗaki ba gara ta san abin da za ta ji a bakin dangin miji, ko da kuwa malamai sun sha faɗa cewa ba sharaɗin aure ba ce. To irin waɗannan iyaye su ke zuwa wurin Inna da dare, a yi musu daro ɗaya ko biyu, su biya da kaka ko kaɗan-kaɗan kowace Alhamis. Idan marainiya ce, wani lokacin ba a ma rubutawa. Jikar mai lissafi ta gaya mini a gefe cewa wannan littafi shi ne abin faɗansu da kakarta kullum: ita tana ganin jari ne ke zurarewa, Inna kuwa tana ganin waɗanda ke cikin littafin su suka kai sunan gidan inda ya kai. Na saurari duka biyun, kuma ina ganin tsohuwar ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ba ni zan sayi buhun sukarin gobe ba.

Matan da ke daka da naɗi ma ba duka 'yan gidan ba ne. Da yawansu daga ƙauyuka suka gudo, waɗanda 'yan bindiga suka tasa, suka baro rumbu da garke. Nan suke samun na cefane da kwanon tuwo, wasu kuma sun koyi aikin har sun kafa nasu ƙaramin faranti. Na tambayi Inna ko ba ta tsoron su raba mata kasuwa. Ta ce aure bai ƙarewa a duniya, kuma ranar da aiki ya yi mata yawa su take aika wa.

Sun sha wuya, kuma kowa a yankin ya san lokutan. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara da nufin toshe wa 'yan bindiga hanya. Ga gidan da ƙafarsa ɗaya ke kasuwar Alhamis, ɗayar ke kan waya, wannan daidai yake da a ɗaure mutum a ce ya yi gudu. Murhu ɗaya aka bari yana ci, in ji su, shi ma don 'yan bukukuwan cikin gari. Ana cikin farfaɗowa aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, sannan aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, mutanen Maraɗi suka ɗauke ƙafa har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Sukari da madarar gari da man gyaɗa kowanne ya yi tashin gwauron zabo. Ba banki ya riƙe su ba, ba kuma wani shirin tallafi ba. Mai kantin da suke sarin sukari wurinsa tun zamanin mahaifinsa ya ci gaba da ba su bashi, waɗanda ke cikin littafi kuma, da suka ji gidan na neman durƙushewa, wasu suka kawo tiyar shinkafa, wasu gyaɗa, a madadin kuɗi.

Ba zan ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba. Da azahar na ga 'yan mata ƙanana uku, 'ya'yan matan nan masu aiki, sun ɗauki farantan gullisuwa za su tasha. Lokacin Islamiyya ne. Gidan da ya kai jikarsa babbar makaranta da kuɗin alkaki bai kamata ya bar 'ya'yan wasu suna yawon talla tsakanin direbobi ba, musamman a wannan zamani. Na faɗa wa Inna haka, cikin ladabi. Ba ta musa ba. Ta ce tun da aka buɗe zaure ta hana nata jikokin talla, amma waɗannan iyayensu ne ke roƙo, domin ribar farantin ita ce abincin darensu. Jikar ta ce tana so a ajiye tebur na dindindin a tasha a ɗora babba a kai, yaran su koma aji. An yi shekara ana maganar, kuɗin teburin ne kullum ke tafiya wajen sukari.

Da la'asar aka fito da namu kayan: alkaki daro biyu, nakiya a kwalla, dubulan an jera shi kamar furanni. Inna ta sa aka buɗe kowanne ta duba, ta cire wasu guda biyu da ta ce sun sha wuta, ta musanya, sannan ta ƙara dunƙulen nakiya ta ce na baƙuwa ne. Muna fita wata mata ta yi sallama, mayafinta ya koɗe, ta tsaya daga gefen zaure tana jiran mutane su ragu. Saurayin ya dube ta, ya dubi ƙofar cikin gida, ya buɗe littafin daga baya.