Ɗakin Gilashi da Soron Kakana

Ranar da kawuna ya tare a sabon gidansa na Sama Road, a nan Sakkwato, sai ya ba ni ɗakin sama domin in riƙa karatu. Ɗaki ne mai ƙatuwar tagar gilashi wadda ta fuskanci yamma, na kuwa yi murna ƙwarai. Da bazara ta kama, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai murna ta koma ciki. Daga azahar ɗakin yakan zama tanderu. In na saki labule, duhu. In na ɗage, zafi. Idan aka ɗauke wuta, sai in kwashi littattafaina in koma gindin dogonyaro.

A nan ne na tuna da soron kakana a cikin gari. Bangonsa na tubali ne mai kauri, rufinsa na azara da ƙasa, tagoginsa ƙanana can sama. Ƙasa takan shanye zafin rana sannu a hankali, ba ta sakinsa sai dare. Amma soron yana da aibi guda: ko da rana tsaka sai tsoho ya matso bakin ƙofa kafin ya ga rubutu.

To, shin ana iya samun haske ba tare da zafi ba? Masana sun ce kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne a wani irin haske da ido ba ya gani, gilashinmu kuwa duka yake bari su shige. Tun shekarun 1980 ake sayar da gilashin da aka yi wa shafen azurfa siriri, mai barin haske ya wuce ya mayar da yawancin wancan zafi. A 2014 masanan Jami'ar Stanford ta Amurka suka haɗa wani faifai mai tura zafinsa sararin samaniya, har ya fi iskar wurin sanyi da kusan digiri 5 a tsakiyar rana. A 2016 kuma masana a Suwidin suka sarrafa katako har haske na ratsa shi. Sai dai irin waɗannan kaya suna da tsada, ga kuma ƙurar hunturu mai dusashe kowane gilashi.

Yanzu kawu yana shirin rushe soron ya zuba siminti. Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri a bar shi, a ƙara masa taga ta arewa." Bai amsa ba, amma dai ya sa an kafa wa tagata rumfa.

Mu ɗaliban Hausa muna da aiki a gabanmu. Tsofaffin magina suna ƙarewa, kalmomi irin su makuba da indararo da ɗaurin guga suna bin su. Mu je mu rubuta iliminsu tun suna raye, domin duk gilashin da za a kawo mana, bangon da zai riƙe shi a ƙasar nan za a gina shi. Allah ya sa mu dace.