Saƙon da Aka Ba Ni Daga Filin Arfa

 Ni dai Bazazzage ne, kuma Kirista, abin da har yanzu yake ba wasu mamaki idan muka haɗu a taron ƙungiya. Ga wanda bai sani ba, a gefen birnin Zariya akwai Wusasa, inda 'yan mishan na CMS suka koma a 1929, kuma tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A can aka haife ni, da Hausa aka yi mini baftisma, da ita nake addu'a har gobe.

To, mai karatu zai ce me ya haɗa Kirista da Arfa, wurin da tun a kan hanya akwai allunan da ke karkatar da wanda ba Musulmi ba? Amsar ita ce gidanmu rabi da rabi ne. Mahaifina shi kaɗai ya karɓi addinin Kirista a cikin 'ya'yan kakanmu, tun yana saurayi ɗan makaranta. Sauran dangi duk Musulmi ne, saboda haka mun taso muna cin naman layya, su kuma suna cin shinkafar Kirsimeti. Labarin aikin Hajji kuwa mun sha jin sa daga bakin alhazan gida. Na san Arfa fili ne mai nisan kimanin kilomita 20 daga Makka, na san ranar 9 ga Zulhajji ake tsayuwa a cikinsa daga zawali zuwa faɗuwar rana, kuma wanda tsayuwar nan ta kuɓuce masa ba shi da Hajji. Na san akwai masallacin Namira da dutsen Jabalur Rahma. Wata gwaggonmu ma abin da ya fi burge ta shi ne bishiyoyin dogon yaro da ta tarar an shuka a filin, irin na ƙofar gidanmu sak.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da wurin shi ne huɗubar ban kwana da Annabi Muhammadu ya yi a ranar Arfa, shekara ta 10 bayan Hijira, wato 632. A cikinta ya soke bin bashin jini na zamanin jahiliyya, ya kuma fara da jinin gidansu, na wani yaro jikan baffansa Harisu. Ya soke riba, ya fara da ta baffansa Abbas. Wato dai wanda zai ce wa jama'a su saki abin da suke riƙe da shi a zuci, shi ya fara sakin nasa. Wani abokina Musulmi ne ya karanta mini wannan a ɗakin kwananmu a nan Ingila, kuma yana cikin karantawa Babana nake tunani.

Ga dalili. Kakanmu ya rasu a 2013 bayan jinya ta kusan shekara biyu. Babana, wanda shi ne babban ɗa, shi ya ɗauko shi daga ƙauye ya ajiye shi a gidanmu, shi ke kai shi asibiti, shi ke biyan kuɗin magani, Mama kuwa ita ke wanke masa kaya, tana kuma tashinsa idan lokacin salla ya yi. Da aka zo rabon gado, Baba ya riga ya san hukuncin: a shari'ar Musulunci saɓanin addini yana hana gado. Da tsohon ya ba shi kyauta yana raye, ko ya bar masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, da ya halatta, amma bai yi ba. Ban taɓa jin Baba ya ja da wannan hukunci ba. Ya je zaman ne a matsayin babban wa, don a yi komai a gabansa. Sai ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ya dube shi a gaban malamai da dattawan ƙauye ya ce, “Yaya, ka ɗan koma waje, wannan zaman ba naka ba ne.” Baba ya ɗauki takalminsa ya fito. Daga ranar nan sai da suka yi shekara 11 magana ba ta haɗa su ba.

Ba ina rubuta wannan don in ce Baba ba shi da gaskiya ba. An ci masa fuska, kuma wanda ya yi masa ɗin yaro ne da ya goya. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, shi ya sa zan faɗi abin da na gani da idona. Ɓacin ran nan bai tsaya yadda ya shigo ba. Gonar gadon tana kusa da titi, gari ya yi ta matsowa har ya cim mata, aka yanka ta fulotai, Baffa ya gina gidan siminti, ya sayi mota. Baba kuwa malamin makaranta ne mai ritaya, yana jiran fansho da ba ya zuwa a kan lokaci. Sannu a hankali sai labarin ya sauya a bakinsa. Da, maganar da aka faɗa masa yake maimaitawa. Daga baya sai ya koma lissafin fuloti nawa aka sayar da nawa aka samu. Idan aka ce ɗan Baffa ya sami aiki, sai ya yi shiru ya tashi. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, amma ba su faɗi abin da take yi wa gonar mai yin ta ba.

Baba dattijon ikilisiya ne. Bai daina zuwa sujada ba, bai daina ba da baiko ba, kuma shi ake kira idan ma'aurata sun saɓa. Amma mu da ke zaune kusa da shi mun lura cewa idan ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin da muke roƙon Allah ya gafarta mana gwargwadon yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai muryarsa ta ɗauke, ta dawo bayan an wuce wurin. Daga baya ya daina tashi karɓar Jibin Ubangiji. Mutum ne mai tsoron Allah, ya san cewa a cikin Matiyu sura 5 Yesu ya umarci wanda ya kawo baiko, ya kuma tuna akwai matsala tsakaninsa da ɗan'uwansa, da ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Baba ya ƙi yi wa Allah ƙarya, ya kuma ƙi zuwa wurin Baffa. Sai ya zauna a tsakiya, shekara da shekaru, yana kallon mutane suna layi zuwa gaban bagade.

A nan ne nake ganin waɗannan abubuwa biyu sun bambanta da sauran zunubai. Mashayi ya san yana shan giya, ɓarawo ya san ya yi sata. Amma wanda aka ɓata wa rai yana ɗauke da shaida a hannunsa cewa shi aka zalunta, saboda haka wa'azin tuba duk na wasu ne. Kuma ba a ƙofar ɗakin ibada suke tsayawa ba, da mutum suke shiga. Ku dubi labarin 'ya'yan Adamu biyu, wanda yake cikin Farawa sura 4, yake kuma cikin Suratul Ma'ida. Mu muna ce musu Kayinu da Habila, ku kuna cewa Ƙabila da Habila. Kisan kai na farko a duniya a kan hadaya aka yi shi, an karɓi ta ɗaya ba a karɓi ta ɗayan ba. Dukansu biyu ibada suka je yi.

Labarin da ya fi kama da na gidanmu kuwa shi ne misalin ɓataccen ɗa a cikin Luka sura 15. Masu wa'azi sun fi son ƙaramin, wanda ya karɓi rabonsa ya je ya lalatar, ya dawo uban ya yanka masa ɗan maraƙi. Ni babban wan nake tausayi. Shi ya zauna yana noma, bai taɓa saɓa wa uban ba, ya dawo daga gona a gajiye ya tarar ana kiɗa da rawa don wanda bai tsinana komai ba. Duk abin da ya faɗa wa ubansa a ƙofar gida gaskiya ne. Amma da gaskiyar tasa ya tsaya a waje, abinci yana ciki. Yesu bai gaya mana ko daga baya ya shiga ba, a nan ya yanke labarin.

A 2024 Baffa ya biya kujerar Makka. A shekarar kuɗin ya haura naira miliyan 6 saboda faɗuwar darajar naira, kuma kowa a dangi ya san daga wace gona kuɗin suka fito. Kamar yadda maniyyata suka saba, ya bi gida gida yana neman gafara kafin ya tashi. Ya zo Wusasa ya yi sallama, Baba yana ciki ya ce a ce ba ya nan.

Ranar Asabar 15 ga Yuni ita ce ranar Arfa. Ina ɗaki ina fama da rubutun kammala digiri, wajen ƙarfe 3 na rana agogon Ingila, wato 5 na yamma a Saudiyya, sai ga kira ta WhatsApp. Baffa ne. Da kyar nake jin sa saboda hayaniya da muryoyin masu addu'a. Mutum sama da miliyan 1.8 ne suka yi Hajjin wannan shekara, cikin zafin da ya kai digiri 51.8 a Makka kwana biyu bayan haka, kuma daga baya hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Na ce, “Baffa, ina wuni, ya ibada?” Ya ce, “Ɗana, na kira Yaya sau uku bai ɗauka ba. Yau na ga an ɗauke wani dattijo daga kusa da tantinmu, ban sani ba ko ni ma zan dawo. Rana ta kusa faɗuwa, ina so in ɗaga hannu, amma maganar nan ta tokare ni. Ka gaya masa abin da na faɗa masa ranar rabon gado ban kyauta ba. Ya yafe mini don Allah, don darajar mahaifinmu da ya yi wa jinya.” Yana kuka. Ban taɓa jin namiji a danginmu yana kuka ba ko a wurin makoki.

Na lura bai ambaci gona ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin a wurinsa gonar halaliyarsa ce. Maganar da ya faɗa ce yake neman gafara a kai, wato ainihin abin da ya raba su tun farko.

Na kira Baba nan take, na isar da saƙon kalma bayan kalma. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, “Da kuɗin gonar ubana ya je can yana roƙon gafara.” Na ce, “Baba, ni dai ɗan aike ne, amma idan rana ta faɗi a can sun tashi ke nan.” Ya ce ya ji, ya kashe waya. Ka ga yadda abu biyun suka sarƙe: an zo biyan bashin ɓacin rai, sai hassada ta fito ta ce ita ba a biya ta ba.

Kada mu ɗalibai mu ɗauka wannan ciwon tsofaffi ne. A cikinmu nan akwai wanda gwamnati ke biya masa komai, akwai wanda yake kwana yana aiki a gidan kula da tsofaffi don ya haɗa kuɗin makaranta, kuma mun san irin kallon da ake yi wa juna. A ƙaramar zumuntarmu ta ɗalibai Kirista na ga wadda ta daina zuwa don an ba wata jagorancin waƙa, na ga wanda ya ƙaurace don ba a ambaci sunansa a jawabin godiya ba. Idan ka tambaye su, ba wanda zai ce ya bar bangaskiya. Sai dai ka ji “ai mutanen nan ne”. Wata uku, wata shida, sai ka tarar Littafin ma ya yi ƙura. Na tabbata masu zuwa masallacin jami'a suna da nasu irin labaran.

Washegari Lahadi ce, kuma ta zo daidai da ranar Babbar Salla. Mama ta gaya mini Baba bai yi barci ba, ta ji shi yana zagaya tsakar gida har asuba. A majami'a bai tashi karɓar Jibi ba, kamar kullum. Amma da aka taso, maimakon ya tsaya gaisawa, sai ya miƙa mata wayarsa ya ce ta rubuta wa Baffa saƙo, don shi idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa. Ta ce me za ta rubuta? Ya ce, “Ki ce na ji. Allah ya dawo da shi lafiya.” Ta ce ba za ka ce ka yafe ba? Ya ce ta rubuta abin da ya faɗa.

Baffa ya sauka a watan Yuli, ya aiko da tsaraba: dabino, da hula, da ɗan ruwan Zamzam. Mama ta ba wata maƙwabciyarmu Musulma ruwan, jikoki suka cinye dabinon. Hular tana nan a kan teburin Baba, bai sa ba, bai kuma bayar ba. Da Kirsimetin shekarar Baffa ya zo da kansa, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka yi kamar rabin awa suna maganar tsadar taki da ciwon gwiwa. Ba wanda ya taɓo 2013. Da zai tafi Baba ya raka shi har bakin mota, ya tsaya yana duban motar, sannan ya tambaye shi ko tana shan mai da yawa.

A waya ta ƙarshe da muka yi da Mama na tambaye ta batun Jibi. Ta ce sau biyu ya tashi tun daga lokacin, sauran ranakun yana zaune a kujerarsa ta layi na uku.