Takalmin da Aka Bari a Filin Jirgi: Bin Sawun Wani Barkwanci daga Sanyinna

Manazarta tsofaffin jaridun Hausa sun fi karkata ga sharhin edita da labaran siyasa da waƙoƙi. Barkwancin da ake cike gurbi da shi a ƙasan shafi kuwa ba kasafai ake waiwayarsa ba, alhali shi ya fi daɗewa a zukatan masu karatu. Abin da ya faru da wani ɗalibi ɗan Sanyinna, ta ƙasar Tambuwal, ya isa misali.

Kawunsa, tsohon malamin makaranta, yana riƙe da wani labari da ya ji ana karantawa daga jarida yana yaro, a zamanin Yaƙi da Jahilci. Wani maniyyaci ne ya zo hawa jirgin sama a Kano, ya ga darduma shimfiɗe a ciki, sai ya tuɓe takalmansa a gindin matakala kamar mai shiga zauren sarki, ya yi sallama ya shige. Da aka sauka Jidda ya leƙo bai ga takalma ba, ya ce ashe har ƙasa mai tsarki ɓarayi sun riga shi isowa. Tsohon bai riƙe sunan jarida ko shekara ba. "Ɗana," in ji shi, "dariyar na riƙe, takardar kuwa ta tafi da masu ita."

Daga cikin labarin ɗalibin ya fara tsintar alamomi. Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba 1925, amma jigilar alhazai da yawa ta sama sai wajen shekarun 1950, lokacin da ajujuwan Yaƙi da Jahilci suka bazu. Wannan ya taƙaita neman ga jaridu biyu: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Zaruma, jaridar lardin Sakkwato da hukumar NORLA ta riƙa bugawa kafin a rufe ta a 1959.

Daga nan aikin ya koma na ido da haƙuri. Barkwanci ba ya da fihirisa, sau da yawa ma ba kanu ba sunan marubuci, don haka sai an bi shafi bayan shafi. A wata ma'ajiya ya tarar da kundin da gara ta cinye gefensa na ƙasa, daidai inda irin waɗannan labarai suke zama. A wata kuma fitowar watanni da dama babu ita. Ya dawo ba tare da shafin ba.

Sai dai hannunsa bai dawo wayam ba. Duk inda ya ba dattawa labarin don neman ƙarin haske, sai su karɓe shi daga bakinsa su ƙarasa, kowa da nasa mai takalmin. Bakabe ya ce Bakatsine ne, Bafillace ya rantse Babarbare ne, Bakano ya ɗora wa Bazazzagi. Wato labarin ya shige cikin wasan taubasantaka, inda kowace al'umma take miƙa wautar ga abokin wasanta. Ta haka baƙon abu kamar jirgin sama ya zama ɗan gida, kamar yadda sunansa ma aro ne daga jirgin da Sarkawa suke tuƙawa a gulbi. Abin dariyar kuma ba jahilci ba ne zalla, ladabi ne da aka kai shi inda ba a san shi ba.

Darasin ga mai nazari shi ne, a wancan zamani jarida ɗaya mutum guda ke karanta ta, jama'a na saurare, saboda haka abin da aka buga yakan koma adabin baka tun kafin takardar ta tsufa. Neman asalin shafin kaɗai rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana bakin waɗanda suka saurara, kuma mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura saba'in. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa ayyukan biyu: ɗaukar hoton shafukan da suka rage tare da yi wa barkwancinsu fihirisa, da kuma naɗar muryoyin dattawan tun suna iya ƙarasa labarin.