Lissafin da ke cikin buhun taki

Duk lokacin da muka iso darasin Kp a lise, ƴan ajina sukan yi tsit. Haddace ƙa'idar ba ya ba su wuya. Abin da ke damuna shi ne yaro ya ci jarrabawa bai san abin da ya lissafa ba, iyaye kuma su ɗauka ilimin sinadarai kayan Turawa ne da bai shafi gonarmu ba. Alhali takin yuriya da manomi ke zuba wa hatsi daga wannan lissafi ya fito.

Daga amoniya ake yin yuriya. Amoniya kuwa haɗin azot ne da idrojan: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. Fritz Haber ya nuna hanyar haɗa su a Jamus a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913. Haɗin ba ya kai wa ƙarshe, don amoniya tana samuwa tana kuma warwarewa. Idan saurin biyun ya zo ɗaya, an kai daidaito. Nakan ce wa yara su tuna ƙofar kasuwa da hantsi: masu shiga daidai da masu fita, jama'ar ciki ba ta ƙaruwa, amma ba wanda ke tsaye.

Kowane gas yana da kasonsa a cikin matsin tukunyar. A ce matsin duka bar 200 ne, azot kashi 20 cikin 100, idrojan 60, amoniya 20. Kasonsu ya zama bar 40, 120 da 40. Sai a ɗora na amoniya a sama, na azot da idrojan a ƙasa, lambar da ke gaban kowane ta zama ƙarfinsa: Kp = 40² ÷ (40 × 120³), wato wajen 2,3 × 10⁻⁵.

Daga nan nake gane wanda ya fahimta. Nakan tambaya: idan aka matse tukunyar kowane kaso ya ninka biyu, Kp zai sauya? Da yawa sukan ce e. Ba ya sauyawa, zafi kaɗai ke taɓa shi. Sama ya ninka 4, ƙasa ya ninka 16, sakamakon ya faɗi zuwa rubu'in Kp, don haka dole amoniya ta ƙaru har lissafi ya koma daidai. Shi ya sa masana'antu ke aiki da matsi mai tsanani.

Roƙona ga ƴan uwana malamai, mu fara da buhun taki kafin mu rubuta ƙa'ida a allo. Ku kuma iyaye, ko ba ku yi boko mai zurfi ba, ku ce wa yaro ya bayyana muku da Hausa dalilin da ya sa matsi ke ƙara amoniya. Idan ya kasa, a mayar da shi wurin malaminsa tun jarrabawa ba ta matso ba.